Najla Ba Za Ta Hau Dutsen Nan Ba

Nassarawa GRA,
Kano.
11 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Habibu, ɗan ƙanena marigayi Muhammad Sani, mijin 'yata Salwa, a Aberdeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da jikata Najla. Allah Ya kare ku daga sanyin ƙasar da kuke, Ya yi wa karatun yarinyar albarka, Ya ji ƙan mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa. Mu nan lafiya, gwargwadon yadda gidan da ake jinya zai ce lafiya. Surukarka Hajiya Sakinatu tana fama da gwiwarta kamar kullum. Ɗana Al-Amin ya zo hutu ya koma bakin aikinsa a Abuja. Matarka, wadda ba ka tambaye ni jikinta ba tun da ta sauka a gidan nan, ta fara cin abinci sosai, ɗinkin ya kame, da la'asar takan zagaya lambu sau ɗaya tana dafa bango.

Dalilin rubuto maka shi ne dogon labarin da ka saka a zauren iyali na WhatsApp game da tafiyarku ta Nepal, kai da Salwa, a watan Disamban da ya wuce. Ni ba na karatu a fuskar waya, saboda haka Al-Amin ya buga mini shi a takarda, na zauna da jan biro na bi shi layi-layi. Akwai kurakurai a ciki, kuma tunda dangi sun karanta sun yi ta sa maka albarka, wajibi ne a gyara. Zan fara da ƙanana. Ka rubuta cewa mashigin Renjo da kuka ƙetare ya kai mita dubu shida. Bai kai ba. Na duba taswira, bai cika dubu biyar da ɗari huɗu ba, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin safiyo ba zai zuba ido ɗan ƙaninsa ya ƙara wa dutse tsawo ba. Ka kuma rubuta cewa ma'anar Sherpa ɗan dako. Sherpa ƙabila ce, da harshenta da garuruwanta, kamar yadda kake Bahaushe. A cikinsu akwai ɗan dako, akwai mai masauki, akwai malamin makaranta. Ka ci abincinsu, ka kwana a ɗakunansu, ka dawo ba ka san ko su wane ne ba.

Da waɗannan ne kaɗai, da na yi shiru. Babban kuskuren, wanda ban yarda kuskure ne ba, yana wurin da ka ce Salwa ta sare a ƙauyen ƙarshe kafin mashigin, wai cukun da ta ci ne ya ɓata mata ciki, wai ita ta roƙa a bar ta ta sha shayi ta huta, maza su wuce. Har ka ƙara da ɗan hoton nan mai dariya, ka ce matan GRA sai mota mai sanyi. Aikin da aka yi mata a Kathmandu kuwa ka ba shi rabin layi, ka kira shi 'yar matsalar ciki. Gwaggonka ta Tudun Murtala ta zo dubiya makon jiya, tana yi mata tsiya wai ta ba mu kunya a gaban Turawa, Salwa tana murmushi tana riƙe da gefen cikinta. Cuku ba ya sa a cire wa mutum saifa, Habibu.

Ka san abin da ya sa aka cire ta, amma zan rubuta domin kada gobe ka ce ba a gaya maka ba. Jinin Salwa AS ne, wato tana ɗauke da rabin gadon sikila. Lokacin aurenku ni na tsaya kai da fata sai an yi muku gwaji, dangi suna ce mini Bature, suna cewa tun yaushe ake auna jinin 'yan'uwa kafin a ɗaura aure. Kana zaune likita ya karanta sakamakon, naka AA, nata AS. Na san amsar da za ka ba ni, cewa AS ba ciwo ba ne, kuma masu irinsa da yawa sun hau duwatsu sun sauko lafiya. Gaskiya ne, ban musa ba. A Kano ba ciwo ba ne, a Aberdeen ma haka. Amma likitan jini da ke duba ta a nan ya yi mini bayani dalla-dalla, cewa a can sama inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, jinin mai irin wannan gado yana iya cushewa a saifa har wani sashe nata ya mutu. Kai da ka shafe wata da watanni kana karanta irin takalmin da ya dace da irin safar da ta dace, ba ka ga ya kamata ka tambayi likita wannan ba, ba ka kuma gaya wa kamfanin da ya shirya tafiyar ba.

Ko wannan ma sai in kira shi sakaci, in bar ka da Allah. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni. Kada ka zaci Salwa ce ta kai ƙararka. Da ƙyar uwarta ta tatsi 'yan kalmomi daga bakinta. Sauran na samo su daga jagoranku, Pemba, wanda na sa aka nemo mini lambarsa na kira shi, muka daɗe muna magana da Turanci. Ya bayyana mini yadda suke aikinsu. Kowace yamma, idan tawaga ta isa masauki aka taru a ɗakin cin abinci ana jin ɗumin murhu, yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya maƙala musu 'yar na'ura a yatsa, sannan ya tambayi kowa ko kansa na ciwo, ko ya iya cin abinci, ko ya yi barci, ko wani wuri na damunsa. Ya ce na'urar ba ta nuna komai da komai, rabin aikin yana kan abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Turawan da ke cikinku kuwa ba sa ɓoye ko ƙaiƙayi. Wannan zai ce kansa, wancan zai ce gudawa, wata za ta ce ta kasa barci, duk a gaban jama'a ana shan miyar tafarnuwa. Idan aka zo kan Salwa sai ta sunkuyar da kai ta gode wa Allah, shi kuma ya wuce na gaba.

Na gaya wa Pemba cewa shi ma yana da nasa laifin, domin wanda ke jagorantar mutane ya kamata ya kalli kwanonsu, kada ya tsaya ga bakinsu kawai. Bai yi gardama ba. Amma shi baƙo ne ga al'adarmu. Ina zai san cewa macen da ta tashi a gida irin namu ba za ta zauna a tsakiyar maza baƙi, mijinta yana gefe, ta buɗe baki ta lissafa inda ke yi mata ciwo a jikinta ba? Salwa ta yi naƙudar Najla yini guda a gidan nan uwarta ba ta ji ko nishinta ba, sai da ta ga ta kasa miƙewa daga kan tabarma. Kai ka san wannan. A gidan nan ka yi sakandare bayan rasuwar mahaifinka, a tsakar gidan nan ka ga yadda matanmu suke. Cikin mutanen da ke ɗakin nan duka kai kaɗai ne ka iya karanta shirunta, kuma saboda hakan ne jagoran yake ɗaga kai ya dube ka idan ta amsa. Ya ce kullum sai ka yi dariya ka ce masa haka take, ba ta da yawan magana.

Tun a garin Namche, a hanyarku ta hawa, ciwon ya fara, a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ta gaya maka a ɗaki, ka ba ta maganin ciwon kai ka ce gajiya ce. Daga nan ta daina cinye shinkafarta. Da kuka isa ƙauyen Thame, a zaune ta yi sallar Magariba da Isha'i, kana tsaye kusa da ita kana yin taka sallar. Ina so ka tsaya a kan wannan. Mace mai shekara talatin da takwas, wadda ban taɓa ganin ta zauna a farilla ba ko da tsohon ciki, ta kasa ruku'u a gabanka, washegari ka ɗaure mata igiyar takalmi ka sa ta gaba zuwa sama. Pemba ba ya shiga ɗakinku, kuma ko ya gani ba zai san abin da hakan ke nufi ba. Kai fa?

Akwai tambayar da ka yi masa a Namche, ya ce ya tuna ta domin a lokacin ya ɗauka kulawa ce. Ka tambaye shi, idan matar mutum ta kamu da rashin lafiya a hanya, shin dole ne mijin ya juya tare da ita. Ya ce maka ƙa'idarsu ke nan, ba sa raba mara lafiya da nasa, tare ake saukar da su. Sai ga shi da kuka kai ƙauyen ƙarshe, Salwa ta kasa miƙe bayanta, ka je ka same shi ka ce ba ciwo ba ne, gajiya ce kawai, matan ƙasarku ba su saba tafiyar ƙasa ba, a bar ta ta huta, gobe ɗan dako ya rako ta Namche ku haɗu a can. Gajiya ba ta cikin ƙa'idar. Ya je ya tambaye ta ko haka ne, kana tsaye a bakin ƙofa, ta ce yadda maigidanta ya faɗa haka ne. Kuka ɗauki sandunanku kuka haye, ka sa dutse tsakaninka da ita, a wurin da waya ba ta shiga.

Matar da ke da masaukin, Doma sunanta, ita ta ga rana ta ɗaga baƙuwa ba ta fito ba. Ta tura ƙofa ta tarar da ita a ƙasa kusa da darduma, a dunƙule, gumi na zuba a cikin wannan sanyi. Ba sa jin harshen juna. Ta lulluɓe ta da bargonta, ta aika aka yi ta neman hanyar kiran jirgi mai saukar ungulu, ta zauna riƙe da hannunta har ya zo. Salwa ta ce abin da take iya tunawa shi ne matar tana shafa mata kai tana yi mata magana a hankali kamar yadda ake lallashin yaro. Na aika mata godiya ta bakin Pemba, kuma ina yi mata addu'ar shiriya da alheri a sujadata. A wannan rana kai kuma kana can ƙololuwar mashigin, a tsakiyar tsummokaran addu'arsu masu launi-launi, ka cire hular sanyi ka kafa zanna bukar domin hoto. Na ga hoton, gwaggonka ta sa shi a fuskar wayarta. Ka iso Kathmandu bayan an fito da ita daga ɗakin tiyata. Na yi aiki a tsaunukan Mambila da 'yan dako lokacin kana rarrafe, ban taɓa barin ko ɗayansu a baya da zazzaɓi ba, alhali ba 'ya'yan baffana ba ne, ban kuma karɓi amanarsu a gaban shaidu ba.

Duk wannan ya riga ya faru, saifa ba ta dawowa. Da ba don abin da ka rufe labarinka da shi ba, da na jira ka zo Kano mu yi ta baki da baki. Ka rubuta cewa a hutun watan Afrilu za ka koma da Najla, ta ƙarasa abin da uwarta ta kasa. Na tambayi Salwa, ta tabbatar mini cewa jinin Najla irin nata ne, kuma kai ma ka sani. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, wadda ta ɗauko uwarta har a tafiya, wadda idan ta yanke da wuƙa a kicin sai ta ɓoye hannun a bayanta. Ita za ka kai ɗakin murhun nan ta zauna a cikin baƙi, jagora ya tambaye ta, ta dubi fuskarka kafin ta amsa. Kuma ta yarda za ta je ne saboda ta gaskata labarinka. A saninta cuku ne ya kayar da uwarta, ita kuwa ba ta cin cuku.

Da na ce zan yi magana, Salwa ta zo falona ta durƙusa, da ɗinki a cikinta, ta roƙe ni kada in gaya wa yarinyar komai. Ta ce ba ta so Najla ta raina ubanta. Ta ce kai mutumin kirki ne, dutsen ne ya shiga ranka. Na ce to yarinyar fa? Sai ta ce idan har sai an je, ita ma za ta bi ku, ta riƙa lura da ita a hanya. Ka ji matar da ka ce ta sare. Hajiya ma ta goyi bayanta, wai in bi a hankali kada in kashe aure, wai a bar wa addu'a. Na ce musu addu'a muna yi, amma ban ga inda aka ce a yi addu'a a kuma miƙa yarinya ba. Gidan nan ya yi kwanaki ba a yi mini magana sai gaisuwa.

Jiya bayan la'asar na kira Najla, lokacin da na san kana wurin aiki. Ta ɗauka da tsiyarta ta kullum, wai tsohon angonta ya tuna da ita, wai in shirya za ta kawo mini ƙanƙarar Himalaya a kwalba in sa a randa tunda na ƙi sayen sabon firji. Ta ce ta fi ka sauri yanzu a tuddan Scotland, har takalmin ya saba da ƙafarta. Na bar ta ta gama. Sannan na gaya mata abin da ya kama uwarta da sunansa, da abin da likitoci suka cire, da irin jinin da ke jikinta ita kanta, da abin da likitan nan ya ce game da hawa irin wannan tsawo. Ban ambace ka ba ko sau ɗaya. Wannan kaɗai na iya yi wa Salwa daga cikin roƙonta.

Ta saurare ni har na gama. Da ta amsa babu wasa a muryarta. Ta ce ba za ta je ba, kuma ita za ta gaya maka da kanta. Sannan ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce, shin Abbanta ya san Mama ba ta da lafiya kafin ya haye mashigin? Na ce mata wannan ba tawa ba ce, ta ubanta ce, kuma na roƙe ta ta riƙe ta har wannan takarda ta iso hannunka. Ta yi mini alkawari. Saboda haka duk murmushin da ta yi maka a kwanakin nan, ka sani da tambayar nan a bakinta take yi. Ranar da ka karanta wannan, za ta yi maka ita. Ban rubuto domin in koya maka amsa ba. Na rubuto ne domin ka san cewa abin da na sani ya kai haka, kuma idan ka ba ta labarin cuku, za ta sake kirana, ni kuwa ban taɓa yi wa jikata ƙarya ba, ba kuma zan fara da tsufana saboda kai ba.

Game da zauren iyali, ba ni zan gyara labarin ba. Wanda ya rubuta shi zai gyara, a wurin da ya rubuta, da sunansa. Game da Salwa, tana nan gidan ubanta har azumi ya wuce. Idan kana son magana a kan komawarta, ka san ƙofar gidan, Lawan maigadi bai manta fuskarka ba. Kada ka aiko mini da saƙon murya, ba na saurara. Kada kuma ka turo mini abokanka su ba ni haƙuri, ba su suka ɗaura mata takalmi a Thame ba.

Hajiya Sakinatu tana gaishe ka, ta ce lallai in rubuta hakan, na rubuta. Salwa tana gaishe ka, ba ta san abin da ke cikin takardar ba. Ka gaishe mini da Najla da kyau. Ka gaishe da Malam Kabiru limaminku da iyalinsa, da Hajiya Aishatu da ta riƙa kai wa yarinyar abinci lokacin da kuke can.

Na ba Safina, 'yar maƙwabcinmu da ke karatu a garinku, wannan saƙo, gobe za ta tashi. Ka duba ka tabbatar komai ya cika. Na ɗaya, kwafin rahoton likitocin Kathmandu. Na biyu, bayanin likitan jini na nan, da lambarsa idan kana da ja. Na uku, labarinka da aka buga, da gyarana a gefe. Na huɗu, kuka da kuɓewa busasshiya da yaji daga Hajiya, na Najla ne. Ban sa kilishi ba domin dokar ƙasarku ta hana shiga da nama. Na biyar, mayafin gashin yak, shanun ƙasar, da ka aiko mini tsaraba daga Namche inda ciwon matarka ya fara, yana cikin ledarsa yadda ya zo. Ka ba wanda bai san ranar da aka saye shi ba.

Wassalam.

Baffanka,
Alhaji Zubairu Inuwa Ɗambatta.